Yadda Ake Auna Sabon Ɗan Wasa da Kuɗin da Aka Saye Shi

A gidan kallo ba a ba sabon ɗan wasa fiye da wasa uku. In ya ci ƙwallo ranar farko, a ce ciniki ya yi kyau, sayen nagari mayar da kuɗi gida. In ya ɓarar da dama biyu a wasa na uku, a ce an yi wa ƙungiya sakiyar da ba ruwa, har a fara lissafin buhun shinkafa nawa kuɗinsa zai saya. Duka hukuncin biyu a kan abu ɗaya suke tsaye, wato farashin da aka gani a kanun labarai ranar da ya ɗaga riga. Farashin nan kuwa shi kaɗai ba ya faɗa maka komai. Mai son auna ciniki da gaske sai ya san nawa ɗan wasan ke ci wa ƙungiya a shekara, wane aiki aka sayo shi ya yi, sannan ko ya buga mintunan da suka isa a ce wani abu a kansa.

Fara da warware farashin

Kuɗin da jaridu ke bugawa yawanci kashi biyu ne aka haɗe. Akwai wanda dole a biya, akwai kuma tsarabe-tsaraben da sai an cika sharaɗi, kamar ɗan wasan ya buga wasa kaza, ko ƙungiyar ta samu gurbin Gasar Zakarun Turai, ko ta ɗauki kofi. Da Barcelona ta sayi Philippe Coutinho daga Liverpool a Janairun 2018, abin da ya bazu shi ne fam miliyan 142, alhali na dole fam miliyan 105 ne, sauran na sharaɗi. Haka Darwin Núñez da Liverpool ta saya a 2022: Yuro miliyan 75 a ƙasa, miliyan 25 a kan sharaɗi. Kai mai aunawa, rubuta na dolen, ka ajiye tsarabe-tsaraben a gefe. In an kai ga biyansu, galibi alama ce cewa cinikin ya yi kyau, don sai an ci nasara ake biya.

Ka kuma kula da kuɗin wace ƙasa ake magana. Fam ya fi Yuro daraja, kuma rabin gardamar majalisa daga nan take tashi: ɗaya na faɗin farashi da Yuro, ɗaya da fam, kowa na rantsuwa ɗan'uwansa ƙarya yake.

Wani lokaci ba tsabar kuɗi ba ne duka. Cinikin Victor Osimhen daga Lille zuwa Napoli a 2020 an ce Yuro miliyan 70 ne, amma a ciki akwai 'yan wasa huɗu da Napoli ta miƙa wa Lille aka yi musu kuɗi kusan miliyan 20, gola ɗaya da matasa uku da ba su taɓa buga wa Lille wasa ba. In ka ga ciniki da musaya a ciki, ka nemi tsabar da ta fita daga hannu.

Sai abin da ba ya fitowa a kanun labarai: la'adar wakilin ɗan wasa, da kuɗin sa hannu da ake ba ɗan wasan kansa, da albashi. Manchester City ta ɗauko Erling Haaland a 2022 a kan Yuro miliyan 60 ne kawai saboda farashin a rubuce yake a kwantiraginsa da Dortmund, duk wanda ya biya ya ɗauka. Abin da ta rage a can ta zuba wani kaso nasa a la'ada da albashi. Cinikin dai ya biya, ƙwallo 52 a kakar farko da kofi uku, amma wanda ya ce miliyan 60 kaɗai ya ci bai gama lissafi ba.

Mayar da shi kuɗin shekara

Nan ne gundarin aikin. Ƙungiyoyin Turai ba sa rubuta kuɗin sayen ɗan wasa a littafinsu gaba ɗaya a shekara guda. Raba shi suke yi a kan shekarun kwantiragi. Kai ma haka za ka yi: raba farashi da yawan shekaru, ninka albashin mako sau 52, haɗa su.

Ɗauki misalin mutum biyu. Na farko ɗan shekara 23 ne, an saye shi fam miliyan 50, kwantiragin shekara biyar, albashi fam dubu 100 a mako. Kason farashinsa miliyan 10 a shekara, albashi miliyan 5.2, jimilla miliyan 15.2. Na biyu ɗan shekara 31 ne, kwantiraginsa ya ƙare a wani wuri aka ɗauke shi, irin wanda ake cewa ya zo a kyauta. Albashinsa fam dubu 300 a mako, wato miliyan 15.6 a shekara, an kuma ba shi miliyan 12 na sa hannu a kwantiragin shekara uku, miliyan 4 ke nan duk shekara. Jimillarsa miliyan 19.6. Na kyautar ya fi na miliyan 50 tsada da sama da miliyan 4 a kowace kaka, kuma ranar da zai tafi ba mai ba da ko sisi a kansa, alhali na farkon yana ɗan shekara 26 ko 27 ana iya sayar da shi. Manchester United ta ɗanɗana irin wannan da Alexis Sánchez a Janairun 2018. Ba ta biya Arsenal kuɗi ba, musaya aka yi da Henrikh Mkhitaryan, amma albashinsa na cikin mafi tsoka a Firimiya, ya kuma bar ƙungiyar da ƙwallo 5 a wasa 45.

Albashin da ake gani a intanet ƙiyasi ne, ƙungiyoyi ba sa bayyana na mutum ɗaya. Yi aiki da shi a matsayin ƙiyasi, kuma kada ka haɗa na wanda aka cire wa haraji da na wanda ba a cire ba, don a Italiya an saba faɗin abin da ke shiga aljihu, a Ingila kuma ana faɗin kuɗin kafin haraji.

Wannan rabon shekarun shi ya sa Chelsea ta riƙa ba da dogayen kwantiragi. Ta sayi Enzo Fernández fam miliyan 106.8 a farkon 2023 da kwantiragin shekara takwas da rabi, sai nauyin ya koma kusan miliyan 12.6 a shekara maimakon miliyan 21.4 da zai zama a shekara biyar. Hukumar ƙwallon Turai ta toshe wannan kafa a tsakiyar 2023, ta ce ba a raba farashi fiye da shekara biyar komai tsawon kwantiragi, Firimiya ma ta bi sahu a ƙarshen shekarar. Don haka a sababbin ciniki, in kwantiragi ya wuce biyar, raba da biyar. Ba lissafin akanta ba ne kawai: a kakar 2023/24 dokar Firimiya ta ƙayyade asarar da ƙungiya za ta yi a shekara uku da fam miliyan 105, kuma Everton da Nottingham Forest sun rasa maki a kakar saboda sun zarce iyakar asarar da aka sa wa kowaccensu. Ɗan wasan da ke cin miliyan 20 a shekara yana zaune a benci yana iya hana a sayo mutum biyu da ake buƙata.

Me kuɗin nan zai iya saya a lokacin?

Kada ka gwada farashin bana da na shekara goma baya. Tun da PSG ta biya Yuro miliyan 222 kan Neymar a 2017 kasuwa ta canja, ɗan wasan da a da ake saya miliyan 30 ya koma 60. Gwajin da ya dace shi ne da waɗanda aka saya a kasuwa ɗaya, don aiki iri ɗaya.

Bazarar 2017 ta isa misali. Manchester United ta sayi Romelu Lukaku fam miliyan 75, Chelsea ta sayi Álvaro Morata kusan miliyan 60, Arsenal ta sayi Alexandre Lacazette sama da miliyan 46, Liverpool kuma ta ɗauko Mohamed Salah daga Roma ƙasa da miliyan 40. A ƙarshen kaka, ƙwallayensu a Firimiya: Lukaku 16, Lacazette 14, Morata 11, Salah 32. Ƙwallo 16 ba abin rainawa ba ne, sai ka jera su a haka ne za ka ga wanda ya iya ciniki.

Ka kuma tambayi abin da ya ɗaga farashin. Ɗan wasan da saura masa shekara huɗu a kwantiragi ya fi mai saura ɗaya tsada ko da bai fi shi iya taka leda ba. Kasuwar Janairu ta fi ta bazara zafi, saboda mai sayarwa ya san matsuwa ce ta kawo ka. Wanda ya taso a Ingila yana da ƙarin kuɗi a kansa, tunda a cikin mutum 25 da ƙungiyar Firimiya ke yi wa rajista, waɗanda ba su taso a ƙasar ba ba za su wuce 17 ba. Wannan ƙarin ba laifin ɗan wasan ba ne, ba shi ya yi wa kansa kuɗi ba. In farashi ya yi yawa, shugabannin da suka zauna teburin ciniki za a tuhuma.

Aikin da aka kawo shi ya yi

Kafin ka ƙirga komai, rubuta a layi ɗaya matsalar da ƙungiyar ke da ita kafin zuwansa. Ana yawan zura mata ƙwallo ta sama? Ba ta iya fito da ƙwallo daga baya in an matsa mata? Tana samar da dama babu mai ƙarasawa? Da wannan layin za ka auna shi, ba da ƙwallon da ya ci ba, sai in cin ƙwallon ne aikin.

An yi ta surutu lokacin da Liverpool ta ba da fam miliyan 75 kan Virgil van Dijk a Janairun 2018, ta ƙara da sama da miliyan 60 kan gola Alisson a bazarar. Dubi abin da aka kawo su gyarawa. A kakar 2017/18 an ci Liverpool ƙwallo 38 a Firimiya, a kaka ta gaba 22, Alisson ya buga wasa 21 ba a zura masa ko ɗaya ba, suka ɗauki kofin Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020. N'Golo Kanté ƙwallo ɗaya tal ya ci wa Leicester a gasar da ta lashe a 2016, kuma fam miliyan 5.6 aka saye shi daga Caen. Da ya koma Chelsea kofin ya bi shi, Leicester ta gangaro ta 12. Mai ƙirga ƙwallo kaɗai ba zai taɓa ganin wannan cinikin ba.

Sai ka duba ko ana amfani da shi yadda ya saba. A Inter, Lukaku ya ci ƙwallo 24 a Serie A a kakar 2020/21 yana da abokin gaba a gefensa, Lautaro Martínez, ƙungiyar na ja baya ta bar masa fili ya zura da gudu. Chelsea ta dawo da shi Ingila a kan fam miliyan 97.5, ta tsayar da shi shi kaɗai a tsakiyar 'yan baya da suka cunkushe a gida. A wasansu da Crystal Palace a Fabrairun 2022 sau bakwai kacal ya taɓa ƙwallo cikin minti 90, har da ta take wasa. Ya gama kakar da ƙwallo 8 a Firimiya aka mayar da shi Inter aro. Cinikin ya lalace, ba shakka, amma tun a teburi ya lalace, ranar da aka sayi mai gudu a fili aka ba shi aikin mai tsayawa.

Alƙaluma, da yadda suke ruɗin mutum

Jimillar ƙwallo ba ta da amfani sai an raba ta da mintuna. Ninka ƙwallayen da 90, raba da mintunan da ya buga, bayan ka cire na fenariti. Wanda ya ci 8 a minti 1,200 babu fenariti yana da 0.6 a kowane cikakken wasa. Wanda ya ci 12 a minti 2,700, huɗu daga ciki fenariti, yana da 0.27. A allon masu cin ƙwallo na biyun ne a sama, a fili kuwa na farkon ya ninka shi.

Cire fenariti ba ƙaramin abu ba ne. Nicolas Pépé ya ci ƙwallo 22 a gasar Faransa a kakar da ta sa Arsenal ta biya fam miliyan 72 a 2019, amma 9 daga ciki fenariti ne. Ɗan wasan ƙwallo 13 aka saya da farashin mai 22, kuma a Arsenal akwai Aubameyang da ke buga fenariti. Kakarsa ta farko a Firimiya 5 ya ci.

Akwai ma'aunin da ake rubutawa xG a shafuka irin su Understat da FotMob da Sofascore. Kowane hari ana ba shi maki tsakanin 0 da 1 gwargwadon yadda irinsa ya saba shiga raga. Fenariti yana kusa da 0.76, harbi daga nesa sau da yawa bai kai 0.05 ba. Amfaninsa ga sabon ɗan wasa shi ne raba rashin sa'a da rashin dama. Ɗan gaban da xG ɗinsa ya kai 6 amma ya ci 2 yana isa wurin da ya kamata, a yi masa haƙuri. Wanda ya ci 5 daga xG 2 kuwa tashe yake, ba lalle ya ɗore ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda duka biyun ke ƙasa.

Ga ɗan baya, kada yawan tare ƙwallo da ƙwacewa ya burge ka. Ƙungiyar da ake kai wa hari dare da rana dole 'yan bayanta su tara irin waɗannan lambobi. Ga ɗan tsakiya, fasin 95 cikin 100 na iya zama duk na gefe da baya ne. Ƙirga waɗanda suka tsallake layin abokan hamayya. Makin da manhajoji ke ba ɗan wasa bayan tashi, 6.8 ko 7.4, na'ura ce ta tara shi daga taɓa ƙwallo, ba ta ganin wanda ya toshe hanyar fasin ba tare da ya taɓa komai ba. Farashin da shafin Transfermarkt ke sa wa 'yan wasa ma ƙiyasin masu shafin ne, babu ƙungiyar da ta ce za ta biya haka.

Lambar da aka fi mantawa da ita ita ce ta samuwa: wasa nawa ƙungiyar ta buga, nawa yana da lafiyar shiga. Real Madrid ta biya Yuro miliyan 100 kan Eden Hazard a 2019 yana ɗan shekara 28, saura masa shekara ɗaya a Chelsea. A kaka huɗu wasa 76 ya buga, ƙwallo 7, ko rabin wasannin ƙungiyar bai kai ba saboda jinya. Ga 'yan Afirka kuma sai ka sa Gasar Kofin Afirka a lissafi, tunda sau da yawa a tsakiyar kakar Turai take faɗowa.

Kallon ido

Bidiyon minti uku da ake yaɗawa an tsamo shi ne daga minti dubu uku, ba ya nuna komai sai ranar sallarsa. Zaɓi wasa uku cikakku: ɗaya da babbar ƙungiya, ɗaya a waje, ɗaya da ƙaramar ƙungiyar da ke tarewa a gida. A kowane rabi ware minti goma sha biyar ka daina bin ƙwallo, ka bi shi. Kafin fasin ya iso, yana waiga kafaɗarsa ya ga wanda ke bayansa? Taɓawarsa ta farko gaba take kai shi ko sai ya sake gyarawa? In ƙungiyarsa ta rasa ƙwallo, a daƙiƙa biyar ɗin farko gudu yake ko ɗaga hannu yana mita? Sannan dubi abokan wasansa. In yana buɗe kuma suna ganinsa amma suka juya wani wajen, sun riga ka yanke masa hukunci a filin atisaye.

Yaushe za a yanke hukunci

Juma'ar da za ta yi kyau, an ce, tun daga Laraba ake gane ta. A wannan harka karin maganar na yawan ba da kunya. Thierry Henry ya yi wasa takwas na farko a Arsenal a 1999 bai ga raga ba, ya tafi da ƙwallo 228. Masu karanta jaridar Marca sun zaɓi Luka Modrić, da Real Madrid ta saya, a matsayin ciniki mafi muni a Sifaniya a ƙarshen 2012, ya ɗauki Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, a 2018. Osimhen ya ci 10 a kakarsa ta farko a Serie A bayan ya gurɗe a kafaɗa a wasan Najeriya da Saliyo, 14 a ta biyu da aka fasa masa fuska, sai 26 a ta uku, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. A ɗaya ɓangaren, Antony ya ci ƙwallo a wasanninsa uku na farko a Firimiya bayan United ta biya Ajax Yuro miliyan 95 a 2022, ya gama kakar da 4, kaka ta gaba 1.

Ƙasa da minti 900, wato cikakken wasa goma, kada ka ce komai sai a kan inda ake sa shi da ko koci ya yarda da shi. Ƙarshen kakar farko ka fitar da lambobi, ka yi sassauci ga wanda ya canja ƙasa da harshe, ko bai yi atisayen share fage da ƙungiyar ba, ko aka kori kocin da ya nemo shi. Hukunci na gaske sai ƙarshen kaka ta biyu. Wannan sassaucin na matashi ne. Wanda aka saya yana 29 don yau aka saye shi, kamar Robin van Persie da United ta biya fam miliyan 24 a 2012, ya ci 26 ya kawo kofi a kakar farko. Ko da bai ƙara yin irinta ba, ya biya.

Ranar fita

Ba a rufe littafi sai ya tafi. Cire kason shekarun da suka wuce daga farashinsa, abin da ya saura shi ne darajarsa a littafi, sai ka gwada da abin da aka sayar da shi. Na Antony, a lissafin sama-sama, miliyan 19 ne a shekara. Bayan shekara uku saura 38, Real Betis kuma ta ɗauke shi a 2025 a kan kimanin miliyan 25. Asara ke nan a kan asara, ban da albashin shekara uku.

Na Ahmed Musa ya bambanta, kuma ya dace a duba shi da kyau tunda nan gida an fi auna shi da zuciya. Leicester ta saye shi daga CSKA Moscow a 2016 a kan kusan fam miliyan 16, mafi tsada a tarihinta a lokacin. Ya zura wa Barcelona biyu a wasan sada zumunta kafin fara kaka, magoya baya suka ce an samu. A Firimiya ƙwallo 2 ya ci a wasa 21, da yawansu daga benci ya taso, don gurbin da ya fi so na Jamie Vardy ne, aka kuma kori Claudio Ranieri da ya kawo shi a Fabrairun 2017. A fili cinikin bai yi ba. Sai aka mayar da shi CSKA aro a Janairun 2018, ya dawo da ƙarfinsa, ya ci Iceland biyu a Kofin Duniya na Rasha, Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi a watan Agusta a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya yi kusa da wanda Leicester ta biya. Uwar kuɗi ta dawo, abin da ya tafi albashi ne da kaka ɗaya da gurbin ya zauna babu mai cike shi. A takardarka layin fili zai sha jan biro, layin kasuwa kuma ya tashi kusan canjaras, sai ka rubuta su daban-daban kada ɗaya ya cinye ɗaya.